Gwanjon Emil Pavlik

Norbert Pavlik ya yi shekara talatin da huɗu yana raba wasiƙu gida-gida a garin Parma, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya gyara tsayuwa ya ce maka shi mai ƙungiyar besbol ne, wasan nan na bugun ƙwallo da sanda. Kuma ba ƙarya ya shara ba. Sai dai ƙungiyar tasa, Tantabarun Parma, ba ta da fili, ba ta da 'yan kallo, 'yan wasanta ashirin da biyar kuwa babu ko ɗaya da uwa ta haifa. Dukkansu suna zaune ne a cikin wata tsohuwar kwamfuta a gidan Wendell Tibbs, malamin lissafi mai ritaya, wanda shi ne kwamishinan gasar tun ranar da aka kafa ta.

Su takwas ne, duk furfura ta cim musu. Kowa da ƙungiyarsa, kowa da kasafin dala miliyan ɗari a shekara, kuɗin da ko biredi ba za su saya maka ba, amma ka ƙetare su da dala ɗaya ka ga yadda Malam Wendell zai tuɓe tabarau ya dube ka. Kowa ya tsara 'yan wasansa ya aika masa, ranar Juma'a ya danna madanni, kwamfuta ta buga wasannin mako guda kafin ruwan shayinsa ya tafasa, ya ɗora sakamakon a shafin gasar. 'Yan wasan nan suna tsufa, suna karaya, suna neman ƙarin albashi, ba abin da suka bar wa mutanen gaske. Ranar Asabar da hantsi kuma sai a taru a gidan abincin Gus Petrakis, a teburin da ke bakin kicin, a yi ta musu har gahawa ta huce a sake dafa wata.

Abin da ake wa duk wannan wahala wata tsohuwar butar gahawa ce da aka fesa wa fenti ruwan zinare. Shekara ashirin da shida ana gasar, Norbert bai taɓa kai Butar gida ba. Gus ya ɗauke ta sau bakwai da ƙungiyarsa, Masu Suya, kuma duk shekarar da ta zo hannunsa sai ya ɗora ta a kan kanta, bakinta na nuna kujerar Norbert daidai.

Kowa a teburin ya san abin da ke cin Tantabaru, kuma kowa ya gaji da faɗa. Sunansa Emil Pavlik.

Gasar tana da wata al'ada. Duk shekara kwamfuta na ƙyanƙyashe sababbin yara 'yan shekara goma sha takwas, a yi layi a zaɓa, kuma wanda ka fara zaɓa kai za ka raɗa masa suna. Akwai wanda ya sa sunan surukinsa don ya riƙa ajiye shi a benci. Gus ya taɓa sa wa wani sunan likitan haƙorinsa. Norbert kuwa, shekara ashirin da biyu da suka wuce, ya zaɓi wani mai cafka, wato wanda ke tsugunawa bayan mai bugu yana tare ƙwallo, ya sa masa sunan ɗansa ɗaya tilo. A lokacin Emil na gaskiya yana da shekara goma sha biyu, shi ma mai cafka ne a ƙungiyar makarantarsu, kuma Norbert ba ya fashin zuwa ya riƙe wayar shingen fili yana ihu. Ihun ne ya yi yawa. Yana shekara goma sha bakwai Emil ya dawo gida wata rana ya ajiye kayan wasansa a gareji ya ce ya bari. "Baba, wasa ne fa," in ji shi. Norbert ya ce, "Wasa? Shekara goma ka ɓata min." Ya faɗe ta sau ɗaya, kuma bai taɓa janye ta ba.

Yanzu Emil yana can Oregon yana haɗa wa mutane kabad ɗin kicin. Duk Lahadi sai ya kira uwarsa Dolores, su kwashe kusan awa guda suna hira, a ƙarshe ta miƙa wa Norbert wayar kamar mai ba yaro magani.

"Yaya ruwan sama a can?"

"Ana yi. Yaya ƙanƙara?"

"Tana nan. Ga mamarka."

Iyakarta ke nan, shekara da shekaru. Shi kuwa Emil na cikin kwamfuta bai taɓa ajiye kayansa a gareji ba. Ya kai shekara arba'in, gudunsa ya koma na mai zuwa kasuwa, amma Norbert yana sabunta masa kwantiragi a kan miliyan goma sha huɗu. Ba wanda ya tilasta shi. In an tsokane shi sai ya ce gogewa ba ta da farashi, alhali ya san a ransa wannan ne kaɗai Emil ɗin da ya rage yana buga masa wasa, kuma ba ya son ya rasa shi.

Sai ga watan Fabrairu. Asabar ta ƙarshe a watan, ƙarfe goma sha biyun rana, ita ce ranar da kowa zai miƙa jerin 'yan wasansa na sabuwar kaka. Ana saura kwana uku Gus ya zo da kansa ya cika masa kofi, abin da ba ya yi sai yana da wata manufa.

"Tsohon masinja, kana son Rufino Baez?"

Norbert ya kusa ƙwarewa. Rufino bahago ne, mai jifa, shekararsa ashirin da bakwai, bara mutum ɗari biyu da arba'in ya mayar benci ba su taɓa ƙwallo ba.

"Wace tsiyar ka ƙulla kuma?"

"Babu tsiya. Kasafina ya cika ya batse, dole in sauke wani. Ka ba ni gurbin zaɓenka na farko na baɗi, ka kwashe shi da albashinsa. Miliyan goma sha biyar."

Norbert ya jawo takardar goge baki ya zaro biro. Yana kan miliyan casa'in da tara. Ya cire wannan, ya mayar da wancan, ya juya takardar ya sake. Duk ta inda ya ɓullo lissafin wuri ɗaya yake kai shi: cire goma sha huɗu, ƙara goma sha biyar, ɗari cif. Gus yana tsaye a kansa da buta yana murmushi, don shi tun a kicin ya gama lissafin.

"Shekara arba'in fa, Norb," in ji Gus. "Ko ni na fi shi gudu, ga tumbina."

Kwana biyu Norbert yana yawo da takardar a aljihu. Ya dube ta a coci, ya dube ta a layin kantin magani. Da Rufino, da yaronsa mai gudu Tyrell Boone a tsakiyar fili, Butar nan ta bana tasa ce, ko makaho ya gani. Ranar Juma'a Dolores tana murza ƙullun pirohi, abincin fulawa da ake cusa wa dankali, ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "In ka ƙara nishi a kan wannan takardar zan dafa ta in ba ka."

"Zan sallami Emil."

Hannunta ya tsaya a kan ƙullun. "Wanne?"

"Haba, Dolores. Na wurin Wendell mana."

"To," in ji ta. Ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, sai ta fasa, ta ci gaba da murzawa da ƙarfin da ƙullun bai nema ba.

Wata al'adar gasar kuma ita ce ba a sallamar ɗan wasa a ɓoye. Sai ka rubuta masa takardar sallama, a karanta a teburi, a ɗora a shafi, kuma gwanin mutum shi ne wanda tasa ta fi sa dariya. Norbert ya ga in ya rubuta mai taushi za su gane abin na cin ransa, su samu na yi masa tsiya har bazara. Don haka ya wasa biro. Ranar Asabar saura minti bakwai ƙarfe goma sha biyu ta buga, Malam Wendell ya gyara tabarau ya karanta da muryarsa ta kiran sunayen 'yan aji:

"Tantabarun Parma sun sallami mai cafka Emil Pavlik, ɗan shekara arba'in. Gwiwoyi sun tafi, ido ya tafi, ciki kawai ya rage. Muna masa fatan samun kujera mai laushi."

Teburi ya kece da dariya. Gus ya buga kanta har cokula suka yi tsalle. Norbert ma ya yi dariyar, ya karɓi tafi, ya ci soyayyen ƙwai biyu a kan asusun Gus, ya koma gida yana gaya wa kansa ya yi abin da duk mai hankali zai yi.

Lahadi bayan an dawo daga coci waya ta yi ƙara. Dolores ta ɗauka, ta ce "Ɗan albarka," ta saurara kaɗan, sai ta cire wayar daga kunne ta dube ta kamar an canza mata ita.

"Kai yake nema."

"Ni? Kun gama ne?"

"Ko farawa ba mu yi ba."

Norbert ya karɓa, ya share murya. "Yaya ruwan sama a…"

"Ciki kawai ya rage?" in ji Emil.

Norbert ya nemi kujera ya zauna.

"Baba, bara sau arba'in da ɗaya na tsaya gaban bahagwai, sau goma sha uku na bugi ƙwallo. Nuna min mai cafka ɗaya a gasar nan da ya yi haka. Ɗaya tak."

"To, ai… gaban na dama fa? Ko biyu cikin goma ba ka…" Ya tsaya. Ya ji bakinsa ya ce "ka".

"Gaban na dama ba sai ka sa ni ba! Wa ya ce ka sa ni kullum? Kuma watan Agusta gaba ɗaya ka dasa ni a benci, ka sa wancan ɗan Kanada da ko lemo aka jefa masa sai ya faɗi. Wasa shida kuka zubar a jere. Ina nan ina kallo, kamar in fasa allon."

"Kai, ɗan Kanadan nan yana da hannu!"

"Hannun karɓar albashi ba."

Haka suka rincaɓe. Norbert ya miƙe, ya zauna, ya aika Dolores ta ɗauko masa babban fayil ɗinsa daga kan firji, ta ce ita ba 'yar aikensa ba ce, ta ɗauko. Emil ya san komai. Ya san shekarar da Tantabaru suka kai wasan ƙarshe Gus ya doke su da ci ɗaya, ya san wanda ya saki ƙwallon, ya san Tyrell Boone ya faki ido ya sheƙa daga kusurwa zuwa kusurwa sau hamsin da biyu bara. Sai da agogon kicin ya nuna sun haura minti arba'in sannan Norbert ya yi ƙasa da murya.

"Wai tun yaushe kake duba shafin nan?"

"Tun da Malam Wendell ya buɗe shi. Duk Asabar da safe, kafin in buɗe shago." Emil ya ɗan yi dariya. "Shekarar da na fitar da ƙwallo talatin da biyu bayan katanga ina aji biyu a kwaleji. Har takardar na buga na manna a bango. Abokin ɗakina ya ɗauka wani ɗan'uwanmu ne."

Norbert ya zuba wa fayil ɗin ido, lambobin suka dagule masa.

"To, ranar Asabar za a kaɗa min ƙararrawa ke nan," in ji Emil.

Har wannan ma ya sani. Duk wanda aka sallama sai a kai shi gwanjo Asabar mai zuwa. In wani ya taya, ya ci gaba da wasa. In ba wanda ya taya, Malam Wendell ya kaɗa wata ƙararrawar makaranta da ya yi ritaya da ita, kwamfuta ta goge ɗan wasan, sunansa ya fita daga shafi.

"Ba komai, Baba," in ji Emil, muryarsa sakayau. "Wasa ne fa. Ba ni Mama."

Norbert ya miƙa wayar. Wannan maganar ya taɓa jin ta a bakin ƙofar gareji, kuma ya tuna amsar da ya bayar. Kunya ta rufe shi, tsoro ya biyo baya. Ashe shekara ashirin da biyu akwai wata 'yar igiya tsakaninsa da yaron nan, shi bai ma san da ita ba sai da ya sa mata almakashi da hannunsa, don a yi masa tafi a bakin kicin.

Da Dolores ta ajiye waya ya ce, "Kin san yana karantawa?"

"Na sani."

"Shi ne ba ki gaya min ba?"

"Ya ce kada in faɗa. Kuma shekara nawa ina ce maka ka tambayi yaron nan wani abu ban da ruwan sama? Kai ma'aikacin hasashen yanayi ne?"

Litinin da sassafe yana ƙofar Malam Wendell. Ya ce kuskure aka yi, a mayar masa da Emil, a mayar wa Gus da Rufino. Wendell ya ba shi kujera da shayi, sannan ya ɗauko kundin dokoki, ya lashi yatsa, ya buɗe doka ta tara: wanda aka sallama ya sallamu, tsohon mai shi ba zai taya shi a gwanjo ba, ba kuma zai dawo hannunsa ta kowace hanya ba sai bayan shekara guda.

"Wane mugun ne ya kawo wannan dokar?"

Wendell ya juyo masa da kundin. A gefen dokar, da jan biro, an rubuta sunan wanda ya kawo ta. Norbert ya tuna. Shekara goma sha biyar da suka wuce ne, lokacin da Gus ya sallami wani ya sake sayensa da araha, shi Norbert ya yi ta kumfar baki har aka rubuta ta.

Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce gurbinsa ya cika. Wancan ya ce shi ba gidan tsofaffi ya buɗe ba. Wani ya karanto masa takardar sallamar da ka, har da kwaikwayon muryar Wendell. Ba kuɗin ne matsala ba, miliyan ɗaya ake fara tayi. Gurbi ne. Mutum ashirin da biyar aka yarda wa kowa, kuma ba mai ba da kujera ɗaya ga gwiwoyin da mai su da kansa ya yi musu shela. Zuwa Alhamis mutum ɗaya ya rage mai gurbi a buɗe, kuma shi ne wanda Norbert ya fi ƙin roƙa.

Ya samu Gus da la'asar, kasuwa ta lafa, yana yanka albasa.

"Gus, ina son ka taya Emil ranar Asabar."

"Wane Emil? Mai cikin?"

"Bar wasa."

"Ni in ɗauki wanda ido ya tafi? Kai fa ka rubuta, malamin waƙa. Har yankawa na yi na manna a jikin firji."

Norbert ya dubi ƙasa, ya dubi rufi, ya ga babu hanya sai ta gaskiya. "Yaron yana karantawa, Gus. Emil ɗina. Tun farko yake karantawa, ban sani ba. Ranar Lahadi mun yi minti arba'in muna magana."

Wuƙar ta tsaya. Gus ya san Emil tun yana cikin zanin goyo, shi ya soya naman bikin baftismarsa. Ya goge hannu a jikin tawul a hankali, ya share ido da bayan hannu, ya ce albasar bana ba ta da mutunci. Sannan ya ce, "To, farashi ya tashi ke nan."

"Allah wadaran halinka."

"Amin. Tyrell Boone."

"Tyrell? Ka haukace? In na ba ka Tyrell wa zai tsaya min a tsakiyar fili? Dolores?"

"Da ta fi ɗan Kanadanka. Ka ba ni Tyrell, in ba ka Ozzie Lund, kada a ce kyauta ce."

"Ozzie da hannunsa ke karye har baɗi?"

"Yana da kirki, ba ya cin abinci da yawa."

Norbert bai buƙaci takardar goge baki ba wannan karon. Ba Tyrell, ba Buta. Rufino zai yi ta jifa, ƙwallo na faɗuwa a inda ba kowa. Shekara ashirin da shida yana jira, ga ta har ya ji ƙamshin fentinta. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, ba zai ce bai yi ba.

"Da sharaɗi," in ji shi. "Ba benci za ka kai shi ya ruɓe ba. Duk ranar da bahago zai yi jifa, Emil ne a bayan mai bugu. A rubuce."

"Ko da bahagon naka ne?"

"Ko da nawa ne."

Suka rubuta a bayan takardar odar abinci, Gus ya sa hannu da maiƙon albasa.

Ranar Asabar teburi ya cika. Da aka kawo maganar musayar Tyrell da Ozzie, mutum biyar suka yi caa, wai wannan haɗin baki ne tsirara, akwai doka a kai. Malam Wendell ya buɗe kundi, ya dubi Norbert, ya dubi Gus, sannan ya tuɓe tabarau ya sa a aljihu ya ce yau ba ya ganin ƙananan rubutu. Aka wuce.

Gwanjo ya fara. An sayi wani, an kaɗa wa wasu biyu ƙararrawa, aka ɗaga kofuna aka yi musu bankwana. Sai Wendell ya ce, "Emil Pavlik, mai cafka. Miliyan ɗaya. Akwai mai so?"

Tsit. Gus yana shafa man shanu a biredi, gefe zuwa gefe, kamar mai fentin ɗaki.

"Ɗaya," in ji Wendell. Ya fara ƙirga ke nan, ya ɗauki ƙararrawa.

Gus ya gutsuri biredi. Norbert ya kai masa shuri ta ƙarƙashin teburi, ya samu ƙafar wani.

"Biyu."

Gus ya tauna, ya haɗiye, ya kurɓi gahawa. "Miliyan uku."

"Ba wanda ke ja da kai, Gus," in ji Wendell. "Ɗaya ta isa."

"Na ji. Yaron da na soya naman baftismarsa ba zai tafi a farashin gwangwani ba. Rubuta uku."

Wendell ya rubuta uku, ya ajiye ƙararrawa. Norbert ya ce zai je bayi, ya daɗe bai dawo ba.

Kaka ta buɗe a watan Afrilu, ta tafi yadda kowa ya hango. Tantabaru suka maƙale a mataki na biyar. Tyrell Boone yana ta sheƙa gudu a rigar Masu Suya, Gus kuma ya matsar da Butar gaba kaɗan a kan kanta don ta fi ganuwa. Amma Lahadi ta canza. Yanzu Emil kan gama da uwarsa ya ce a ba shi Baba, su yi ta cacar baki a kan wa ya kamata ya fara bugu, har Dolores ta fara ƙorafin an ƙwace mata ɗa. Maganar Tyrell ce kawai ba wanda ya taɓa tayarwa, duk da tana nan a shafi kowa na gani.

A tsakiyar Yuni jadawali ya haɗa Tantabaru da Masu Suya, kuma Rufino ne da jifa. Sakamakon ya fito ranar Juma'a. Rufino ya riƙe su tamau har zagaye na tara, wato na ƙarshe, Tantabaru na gaba da biyu da ɗaya, saura mutum ɗaya a tashi, Tyrell yana tsaye a kusurwar farko. Sai tsoho mai shekara arba'in ya shigo da sandarsa, ya ɗauke ƙwallon ya aika ta bayan katanga. Uku da biyu. Norbert ya karanta layin sau huɗu. Ranar Asabar Gus ya kawo masa matashin kujera mai laushi a gaban kowa, ya ce saƙo ne daga mai cafkarsa.

Lahadi ko rigar coci bai tuɓe ba ya zauna kusa da waya. Da ta yi ƙara Dolores ta taso daga kicin, amma masinja mai ciwon gwiwa ya riga ta.

"Baba," in ji Emil, dariya na cin sa, "yaya ka ga gwiwoyin?"

"Sa'a ce. Iska ce ta taimake ka."

"A cikin kwamfutar Malam Wendell ake iska?"

Norbert ya yi dariya har da tari. Da tarin ya lafa sai ya ji maganar ta taso masa, wadda ta shekara goma sha bakwai a maƙogwaronsa, kuma ya san in ya bari ta koma ba lallai ta sake fitowa ba.

"Emil. Shekara goman nan da na ce. Ba ka ɓata min komai ba. Ni ne na ɓata."

Can nesa a cikin wayar yana jin ruwan Oregon na sauka a kan wani rufi, bai tambaya ba.

"Na sani, Baba," in ji Emil a hankali. "Na ga abin da ka ba Gus." Ya ja hanci, ya share murya. "To yanzu gaya min, wane ne ya ce ka bar Rufino ya yi jifa har zagaye na tara? Mutum ya jefa ɗari da ashirin, hannunsa na rawa, kai kana ina?"

"Kai, saurara in gaya maka…"

Dolores ta dubi pirohin da ta jera a faranti, ta dubi mijinta yana jawo fayil da hannu ɗaya yana share fuska da ɗayan. Ta kife wani faranti a kan abincin, ta mayar da shi cikin tanda.